Yadda Ake Gyara Yoyon Mai a Giyabos na Injin Yankan Ciyawa na Tarakta

Mai injin yankan ciyawa irin wanda ake ɗaura wa tarakta a baya ba kasafai yake gane cewa giyabos ɗinsa, wato akwatin giyarsa, yana yoyo da wuri ba, domin man da yake zuba ta ƙasa ba ya taruwa a inda ido zai gan shi, wuƙaƙen ne suke watsa shi cikin ciyawa yayin da suke juyawa. Abin da yakan fara tona asirin matsalar shi ne ɗan tabon mai a ƙasan inda injin ya kwana, ko ƙura da ta manne ta yi baƙi a ƙarƙashin rufinsa, ko kuma wani sabon kuka da giyabos ya fara yi idan aiki ya yi nauyi. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ya kamata ya dakatar da aiki ya duba, saboda giyabos na ƙananan injuna ba ya ɗaukar mai da yawa, sau da yawa bai kai lita ɗaya ba, kuma idan ya bushe haƙoran giya da boris suna lalacewa cikin ɗan lokaci. Zoben robar da ke tare man, wanda makanikai suke kira sil, yana cikin kayan gyara mafi araha a jikin injin, amma sakaci da shi yana iya jawo sayen giyabos sukutum.

Yana da kyau a fara sanin abin da ke cikin akwatin kafin a ɗora masa sifana. Ƙarfi yana fitowa daga shaf ɗin PTO, wato sandan ƙarfe mai juyi da ke bayan tarakta don juya injunan da aka haɗa mata, wanda a yawancin taraktoci yake juyawa sau 540 a minti ɗaya, a manya kuma akwai mai 1000. Wannan juyi yana shiga giyabos ta shaf ɗin da ke kwance, sai giya biyu masu karkatattun haƙora su karya shi zuwa ƙasa, ya fita ta shaf ɗin da ke tsaye, wanda ya ratsa rufin injin ya riƙe farantin da wuƙaƙe suke jikinsa. A injuna da yawa giyan suna ƙara gudun juyin, ta yadda shaf ɗin ƙasa ya fi na shiga sauri. Kowane shaf yana da nasa sil a wurin da ya huda jikin akwatin. Na ƙasa shi ne ya fi shan wahala, domin duk man da ke ciki a kansa yake zaune dare da rana, ga shi kuma a wajensa ciyawa da ƙasa da ruwa suke bugunsa. Idan na gefe ya lalace, mai yana raguwa ne zuwa wani mataki ya tsaya, amma idan na ƙasa ne, sai ya tsiyaye tas.

Shi kansa sil ɗin zoben ƙarfe ne da aka lulluɓe da roba, a cikinsa akwai siririn leɓe da ke rungumar shaf, a bayan leɓen kuma akwai ɗan sifirin da ya kewaye shi yana matse shi. Leɓen yana gudana ne a kan wani siririn shafin mai da ido ba ya gani, shi ya sa ƙaramin ƙarce a jikin shaf ko ɗan tsagewa a leɓen ya isa ya buɗe wa mai hanya.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe kafin komai shi ne, da wuya sil ya mutu haka kawai ba tare da wani abu ya kashe shi ba, kuma wanda ya sauya shi bai nemo abin da ya kashe shi ba zai sake kwance injin nan ba da jimawa ba. Babban mai laifi shi ne waya ko igiyar leda ko tsumma da wuƙaƙe suka tsinto a gona, suka nannaɗe a jikin shaf, juyi ya yi ta tura su sama har suka shige ƙarƙashin leɓen suka yanka shi. Igiyar roba ta fi muni, domin zafi yana narkar da ita ta daskare a wurin kamar an zuba. Na biyu shi ne toshewar kafar shan iska da ke jikin murfin sama. Mai yana ɗaukar zafi a lokacin aiki, iskar da ke ciki tana kumbura, idan ba ta sami mafita ba sai ta tura mai ta wurin da ya fi rauni, ko da sil ɗin lafiyarsa ƙalau. Cika mai fiye da kima ma yana haifar da irin wannan. Na uku shi ne boris da ya ci, ya bar shaf yana rawa gefe da gefe, leɓen roba kuwa ba zai iya bin shaf mai rawa ba. Akwai kuma kwarin da leɓen yake haƙawa a jikin shaf bayan shekaru idan ƙasa ta shiga tsakani, da lanƙwasar shaf bayan an bugi kututture ko dutse.

Saboda haka matakin farko shi ne a wanke giyabos da kewayensa da kananzir ko man dizal, a goge ya bushe, a cika mai zuwa matakinsa, a kunna injin na ɗan lokaci, sannan a kashe a duba daga ina danshi ya fara fitowa. Mai yana gangarowa ne daga sama, don haka wanda aka gani a ƙasa yana iya zama daga fakin murfin sama, wato shimfiɗar da ke tare mai tsakanin murfi da akwati, ya fito, ko daga sil ɗin gefe, ko daga tsagewa a jikin akwatin kusa da notukan da suka ɗaure shi da rufi. A ciro murfin shan iskar a hura shi, idan iska ba ta wucewa a jiƙa shi a kananzir a tsokane kafar da siririyar waya. Akan yi sa'a wannan kaɗai ya tsayar da yoyon, a huta da sauran aikin.

Idan ya tabbata sil ɗin ƙasa ne, sai a shirya wurin aiki, kuma a nan babu wasa. A ajiye tarakta a daɓe mai ƙarfi wanda ba shi da gangara, a kashe ta, a ja birkin hannu, a zare makulli a saka a aljihu, a jira wuƙaƙe su tsaya cak, domin suna ci gaba da juyawa na ɗan lokaci bayan an kashe PTO. A cire dogon shaf ɗin da ya haɗa PTO da giyabos daga jikin tarakta gaba ɗaya. Kada mutum ya kuskura ya shiga ƙarƙashin injin da hannuwan haidirolik na tarakta kaɗai suka ɗaga, saboda suna iya sauka a hankali ko farat ɗaya idan mai ya zurare ko wani ya taɓa liba, injin kuwa yana da nauyin ɗaruruwan kilo. A tokare shi da matokaran ƙarfe ko kakkauran katako a kusurwa huɗu, a girgiza shi da hannu a tabbatar ba ya motsi. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Wasu sun fi son su ɗaga injin su jingine shi a tsaye ko su kifar da shi don su yi aiki a sarari, wannan ya fi sauƙi ga baya da wuya, amma sai an zubar da man tukuna kuma an ɗaure injin da sarƙa yadda ba zai faɗo ba.

Kayan aikin ba su da yawa: babban soket da ya dace da notin shaf tare da dogon hannu, guduma mai nauyi, sandar ƙarfe, filaya, sukundireba, man sassauta tsatsa, samfefa mai laushi, salatif, guntun fayif da faɗinsa ya yi daidai da bakin sil, tsummoki masu tsabta, da kwanon tarar mai. Safar hannu mai kauri da tabarau na kare ido wajibi ne, tun da za a yi duka a kan ƙarfe mai tsatsa kusa da wuƙaƙe.

A zubar da man kafin a ci gaba. Giyabos da yawa ba su da notin zubarwa a ƙasa, irin waɗannan sai a zuƙe man ta kafar sama da ƙaramin famfon hannu ko babban sirinji mai tiyo. Kada a yi gaggawar kawar da abin da ya fito, a kalle shi da kyau a cikin haske, domin shi ne zai ba da labarin cikin akwatin. Idan ya yi fari-fari kamar an gauraya shi da madara, ruwa ya shiga. Idan akwai ƙyalli-ƙyallin ƙarfe mai laushi kaɗan, wannan ci ne na yau da kullum, amma idan ana jin ɓarɓashi tsakanin yatsu ko an ga gutsattsarin ƙarfe, to boris ko haƙorin giya ya fara karyewa, sauya sil kaɗai ba zai wadatar ba. Tsohon man a tara shi a jarka, kada a zubar a ƙasa ko a magudanar ruwa.

Daga nan sai aikin da ya fi cin lokaci da ƙarfi, wato cire farantin wuƙaƙe. Sauya sil ɗin kansa bai wuce 'yan mintoci ba, amma farantin nan yana iya cinye wa mutum yini. A tsakiyarsa ta ƙasa akwai babban noti mai tsaga-tsaga a kai, da ƙaramin fil mai ƙafa biyu da ya ratsa shaf ya hana shi kwancewa. A miƙar da ƙafafun fil ɗin da filaya a zare shi, a kankare ƙasa da tsatsa daga zaren shaf, a fesa man sassauta tsatsa, in da hali tun daren jiya. A soka katako tsakanin wuƙa da bangon rufi don farantin ya daina juyawa, sannan a ɗora soket a ja. An ɗaure wannan noti da ƙarfi sosai, don haka ƙara dogon fayif a hannun soket ba abin kunya ba ne.

Idan notin ya saki, kada a cire shi gaba ɗaya. A kwance shi har kansa ya yi daidai da ƙarshen shaf a bar shi a nan. Wannan yana da amfani biyu: yana kare zaren shaf daga bugun guduma, yana kuma tare farantin idan ya saki, domin nauyinsa tare da wuƙaƙe ya isa ya karya hannu ko ƙafa. Farantin yana zaune ne a kan haƙoran shaf waɗanda a injuna da yawa an yi su da ɗan tsukewa, suna ƙara kamawa gwargwadon yadda aka matse noti, ga tsatsar shekaru ta haɗe su kamar an yi musu walda. A saman rufin yawancin injuna akwai rami da aka tanada don kwance notukan wuƙaƙe. A juya faranti har notin wuƙa ɗaya ya zo daidai ramin, a zura sandar ƙarfe a ɗora a jikin farantin kusa da notin, a doka da guduma da ƙarfi sau biyu ko uku, a juya zuwa ɗaya gefen a maimaita. Ana yin haka ana ƙara fesa mai, har a ji wani sauti kamar an fasa abu, alamar ya saki. Idan ya ƙi, a yi amfani da abin zaro boris mai ƙafafu a ɗaure shi da ƙarfi sannan a ƙara da duka, ko a gasa cibiyar farantin da wuta ta kumbura kaɗan. Wuta za ta ƙone tsohon sil, wanda dama za a jefar, amma a nisanta ta daga jikin akwatin, a kuma share mai da busasshiyar ciyawa tukuna. Abin da ba a yi shi ne dukan ƙarshen shaf kai tsaye da guduma, domin kowane bugu yana tafiya ne kan boris da haƙoran giya, sai a zo gyaran abu ƙarami a ɓata babba.

Bayan an sauke faranti, a kwance duk abin da ya nannaɗe a jikin shaf, a wanke wurin, a ɗauki hoto da waya kafin a taɓa sil. Hoton zai tuna wa mutum wane gefe ne yake kallon waje, da kuma zurfin da aka kafa shi. Wasu giyabos suna da ƙaramin faifan ƙarfe ko murfin kariya a ƙarƙashin sil, wasu suna da zoben ƙarfe mai tsalle da ke zaune a cikin kwari, wasu kuma sil ɗin yana cikin murfi mai notuka huɗu ko fiye da ake kwancewa a fito da shi. Idan murfi aka kwance, za a iya tarar da siraran zobban ƙarfe da ake kira wasoshi ko fakin takarda a bayansa, waɗannan su ne suke daidaita matsewar boris da haɗuwar haƙoran giya, don haka a ƙirga su, a ajiye su a jere, a mayar da su yadda aka same su ba ragi ba ƙari.

Hanya mafi sauƙi ta fitar da tsohon sil ita ce a huda fuskarsa ta ƙarfe da ƙaramar ƙusa ko siririn abin huji a wuri biyu masu fuskantar juna, a murɗa sukurori masu kaifin baki a ciki kaɗan, a kama kawunansu da filaya a riƙa ja ɗaya bayan ɗaya har ya fito. Kada sukurorin su yi zurfi, saboda boris yana nan kusa a bayansa. Masu sauri sukan soka sukundireba tsakanin leɓe da shaf su banƙare, kuma a nan ne ake yi wa shaf ƙarcen da zai hana sabon sil riƙe mai har abada. Idan dole sai an banƙara, a jingina a jikin akwatin ta waje, a sa tsumma a tsakani, a nisanci jikin shaf da bangon ramin da sil yake zama.

Kafin a ɗauko sabo, a bincika shaf ɗin. A kama ƙarshensa da hannu biyu a girgiza gefe da gefe, sannan sama da ƙasa. Bai kamata a ji yana buga gefe ba. A juya shi a hankali a saurara, idan ana jin gurzawa ko yana kamawa yana saki, boris ya tafi, sai a sauke giyabos daga rufi a buɗe shi a sauya boris, gara ma a sauya su duka na wannan shaf ɗin tun da an riga an shiga. Sannan a bi wurin da leɓe yake gudana da farce. Idan layin da aka gani sheƙi ne kawai, farce bai maƙale ba, a goge shi da samfefa mai laushi, kamar mai lamba 400 ko sama, da ɗan mai. A yanka samfefar ta yi tsawo a naɗa a riƙa ja kewaye da shaf, kada a goga ta tsawonsa ko a karkace, domin layukan da suka karkace suna zama kamar zaren noti su riƙa jan mai zuwa waje. Idan kuwa farce ya faɗa cikin kwari, akwai mafita biyu ban da sayen sabon shaf. Ta farko ita ce a kafa sabon sil ya ɗan fi tsohon zurfi ko ya ɗan gaza shi da milimita ɗaya ko biyu, in ramin ya ba da dama, don leɓen ya sauka a kan lafiyayyen ƙarfe. Ta biyu, wadda ta fi ɗorewa, ita ce siririyar rigar ƙarfe da ake sanya wa shaf ta rufe kwarin, irin Speedi-Sleeve na kamfanin SKF, wadda kaurinta bai kai sulusin milimita ba, shi ya sa sil mai girman asali yake hawa kanta ba tare da an canza lamba ba.

Wajen sayen sil, lambar da ke jikin tsohon ita ce jagora. Galibi lambobi uku ne a milimita, misali 35 da 62 da 10, wato faɗin shaf, faɗin ramin da yake zama, da kaurinsa. Idan lambar ta goge, a auna shaf da ramin da ma'aunin makanikai, kada a dogara da awon tsohuwar robar da ta riga ta ci. Wasu injuna da inci aka yi su, kuma sil ɗin da ya kusa daidai ba daidai ba ne, ko rabin milimita ya isa ya kawo yoyo. Ga shaf ɗin ƙasa a nemi mai leɓe biyu, wanda ake yi wa alamar TC, domin leɓen waje yana tare ƙura da ruwa. Baƙar robar da aka saba, wato nitril, tana jure zafi zuwa wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, ta kuma wadatar ga yawancin aiki. Akwai mai tsada da ake kira Viton wadda take jure kusan ninkin haka, amma ita ma waya tana yanka ta kamar kowace roba. Ni dai shawarata a sayi biyu, saboda lanƙwasa na farko wajen kafawa abu ne da ke faruwa har ga gwanaye.

Wajen kafa sabon, tsabta ita ce rabin aikin. A goge ramin da shaf har tsumma ya daina yin baƙi, a kawar da duk wani tsini a bakin ramin. A naɗe haƙoran shaf da zarensa da salatif tun daga wurin da sil zai zauna har ƙarshe, a shafa mai a kai, domin gefen haƙoran nan yana da kaifi, yana iya tsaga leɓe tun kafin ya isa mazauninsa. A shafa man giya a leɓen, a cusa ɗan giris a tsakanin leɓɓan biyu da kuma kan sifirin don kada ya yi tsalle ya fita lokacin duka. Leɓen da ya fara juyi a bushe yana ƙonewa cikin ɗan lokaci. Gefen da ke buɗe, inda ake ganin sifirin, shi ne yake kallon mai, wato cikin akwati, fuskar da ke shafe mai lamba kuma tana kallon waje. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma sil ɗin da aka juya baya ba ya riƙe mai. Idan kewayen sil ɗin na waje tsuran ƙarfe ne ko bangon ramin yana da ƙarce, a shafa ɗan siririn gam na fakin a kewayensa, idan kuwa roba ce ta lulluɓe shi, ɗan mai ya isa.

A tura shi a hankali ana ɗan murzawa har ya isa bakin rami, a tabbatar leɓen bai naɗe ba, a daidaita shi ya zauna sak. A zura guntun fayif ta kan shaf ya dafa gefen waje na sil, inda ƙarfen yake da ƙarfi, a riƙa bugun fayif ɗin da sauƙi ana dubawa bayan kowane bugu biyu ko uku. Idan gefe ɗaya ya riga ɗaya shiga, a buga ɗaya gefen ya kamo shi tun bai yi nisa ba. A tsaya idan ya kai zurfin da aka ƙudurta, a zare salatif gaba ɗaya, a juya shaf da hannu a ji yana tafiya da ɗan riƙo mai laushi. Sannan a mayar da zoben ƙarfe ko faifan kariya idan akwai.

Sil ɗin gefe bai kai wannan wahala ba. A cire murfin kariya, a cire shaf ɗin PTO daga giyabos ta hanyar kwance ƙusar da aka yi don ta karye idan an bugi abu, ko kulocin da ke zamewa, sauran aikin duk ɗaya ne. A nan a lura kada a maye gurbin waccan ƙusa da wadda ta fi ta ƙarfi, domin idan ba ta karye ba, giya ko shaf ne zai karye a madadinta.

Dabara mai kyau ita ce a zuba mai kafin a mayar da faranti, a bar injin a zaune daidai na wasu sa'o'i ko ya kwana, a shimfiɗa kwali a ƙasa. Idan akwai kuskure, gara a gan shi yanzu da a gan shi bayan an ɗaure babban noti. Man da aka fi amfani da shi shi ne man giya mai lamba 80W-90 na ajin GL-5, wasu masu ƙera injuna kuma suna ba da shawarar 85W-140 mai kauri, musamman inda ake zafi, littafin injin ne yake raba gardama. A cire notin awo da ke gefen akwati, a zuba ta sama a hankali har mai ya fara leƙowa ta ramin gefe, a dakata ya gangara ƙasa ta cikin boris, a ƙara in ya ragu, sannan a rufe. Wasu giyabos suna da sandar awo a jikin murfin sama maimakon notin gefe. Ko wanne ne, ba a cika akwatin har baki, ana barin sarari don iska.

Akwai masu cewa a bar wahalar nan a cika giyabos da giris mai ruwa-ruwa, wanda ake yi wa lamba 00 ko 0, tun da ba ya bin ƙaramar kafa kamar mai. Gaskiya ne yana rage yoyo, kuma yana iya fitar da mutum daga kakar aiki idan babu lokacin kwance injin, wasu giyabos ma da shi aka tsara su tun daga masana'anta. Amma giris na yau da kullum mai lamba 2, wanda ake bugawa a boris, bai dace ba sam, domin giya suna haƙa rami a cikinsa su ci gaba da juyawa a bushe, shi kuma ya manne a bango. Ko mai ruwa-ruwan ma ba ya gyara boris mai rawa, kuma kafar da mai yake fita ta nan ƙura da ruwa suke shiga.

Idan kwali ya wayi gari a bushe, a wanke haƙoran shaf da na cikin faranti, a ɗaga farantin da jak ko da taimakon wani a zura shi, a sa zoben wasa da noti. A ɗaure notin zuwa ƙarfin da littafin injin ya faɗa, wanda a injuna da yawa ɗaruruwan mitar Niyuton ne, wato ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti. Idan tsagar noti ba ta zo daidai da ramin fil ba, a ƙara matsewa zuwa tsaga ta gaba, ba a sassautawa baya don neman rami, domin faranti mai sako-sako yana cinye haƙoran shaf yana kuma girgiza sabon sil. A sa sabon fil a lanƙwasa ƙafafunsa, tsohon ya riga ya gaji. Tun da ana wurin, a duba wuƙaƙe, idan ɗaya ta karye ko ta fi ɗaya cinyewa a sauya su tare, saboda rashin daidaiton nauyi yana cikin abubuwan da suke kashe boris.

A sauke injin, a mayar da duk murafun kariya, a haɗa PTO, a kori kowa daga kusa, a kunna a ƙaramin gudu na wasu mintoci ana sauraro, sannan a ɗaga zuwa gudun aiki. A yi yanka na kamar rabin sa'a, a kashe, a zare makulli, a tokare injin kamar da, a leƙa ƙasa da tocila. Ɗan danshin giris da aka shafa yana iya fitowa a karon farko, a goge shi a sake dubawa daga baya, ɗigon mai ne kawai abin damuwa. Bayan aikin yinin farko a sake gwada matakin mai da matsewar babban notin da notukan da suka riƙe giyabos a jikin rufi, domin sukan ɗan saki bayan komai ya zauna. Daga nan kuma, duk ranar da aka yi yanka a kusa da shinge ko wurin da aka zubar da igiyoyin ɗaurin ciyawa, a leƙa tsakanin faranti da giyabos da yamma, a yanke abin da ya nannaɗe kafin ya hau zuwa leɓen.